Hammatata da Mutuncin Iya

Duk unguwarmu an haɗu a kan magana ɗaya, kuma duk an yi kuskure: wai warin jiki daga wankan farko yake samo asali. Wai idan ungozoma ta yi ha'inci ranar da aka haifi mutum, ba ta cuɗe maiƙon haihuwa daga hammata da matsematsi ba, to shi ke nan, ƙarnin ya shige ƙashi, ko kogi ya ƙarar wajen wanka yana tare da abinsa har kabari. Shi ake kira warin ƙashi. Matar liman ta yarda da haka, masu kitso sun yarda, har Ummata da take karanta wa maƙwabta wasiƙa ta yarda. Ni na yi sakandare, na san gumi ne kawai da zafin Kano da irin abin da mutum ya sa a jikinsa. Amma je ki faɗi haka a tsakar gida, yanzu a ce boko ya fara taɓa miki kai.

Da ban damu ba, kowa ya riƙe abin da ya ga dama. Abin da ya mai da maganar tawa shi ne, ungozomar da ta wanke ni kakata ce, mahaifiyar Babanmu, Allah ya jiƙanta. Iya muke ce mata, haka duk unguwarmu ta Zaitawa ake ce mata. Rabin mutanen lungunmu a hannunta suka fara sanin ruwa. Tana da ƙa'idarta: man gyaɗa tukuna, sai sabulun salo da soso mai laushi, a canza ruwa sau uku, sannan ta ɗaga jaririn ta shinshine shi daga wuya har tafin ƙafa kamar mai zaɓen daddawa. Ba ta da gona, ba ta da gwal, abin alfaharinta ɗaya ne tak: ba a taɓa cewa wanda ta wanke yana wari ba. Sai da aka zo kan jikarta.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ne. Na gama makaranta, jarrabawa ba ta ba ni abin wucewa gaba ba, sai wani abokin Baba ya samo mini aikin buga takardu da tafireta a wani shago can wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Aiki kuwa har ya yi yawa, don a lokacin duk wanda ya taɓa gaisawa da ɗan siyasa yana da takardar da za a buga masa: ta taya murna, ta neman kwangila, ta tuna wa mai girma cewa tare aka sha rana. Shagon kwano ne sama, kwano ne gefe, fanka ɗaya, ita ma sai an kawo wuta. Ni kuma da na karɓi albashin farko sai na je na ɗinka riguna biyu na wani yadi mai sheƙi da ake yayi, tela ya yi musu shafi mai kama da leda, na ɗora hijabi mai santsi a kai. A ganina na fito ma'aikaciya sak. Ashe madambaci na ɗinka wa kaina.

Wata Alhamis na taso daga aiki ban biya gida ba, na zarce gidan suna a bayan lungunmu, don Umma ta ce in na tsaya wanka za a watse a ce ban leƙo ba. Ɗakin mai jego cike yake maƙil. Kusa da gado maƙwabciyarmu Hajiya ce zaune, wadda mijinta bai fi wata biyu da zama kansila ba. Kafin zaɓe gidanmu take aikowa aron turmi. Bayan zaɓe ta koma magana a hankali kamar mai ciwon haƙori. Na miƙa hannu ta saman kanta zan karɓi farantin shinkafa, sai na ga ta ja gyale ta rufe hanci. Da ce mini ta yi ina wari, da da sauƙi, abin ya tsaya a kaina, ni kuma ina da bakin ramawa. Ba haka ta yi ba. Waiwayawa ta yi ta dubi mata, ta ce, "Ikon Allah. Wai wa ya wanke yarinyar nan ne?"

Ta san amsar, kowa ya sani. Iya na zaune a kusurwar ɗakin, jaririn da ake wa suna a cinyarta, wanda ta wanke kwana bakwai da suka wuce. Can sai uwar mai jegon ta taso ta ce a ba ta yaron ta duba ko ya ɓata zani. A gaban idona ta kai hancinta wuyansa.

Ba a yi kwana uku ba labari ya iso mana ta bakin mai kitso. Babbar 'yar Hajiya ta dawo gida goyon ciki, saura kamar wata biyu ta sauka, kuma Hajiya ta sa a nemo mata wata ungozoma daga Ƙofar Ruwa. Ita kanta mai cikin Iya ce ta wanke ta, da ƙannenta duka. Kuma yadda unguwa take a lokacin, in gidan kansila suka yi tari, sauran gidaje sai su kama mura. In wannan haihuwa ta wuce Iya, to an gama kiranta.

Labarin ya kai kunnen Iya. Na dai san tun da aka ce yarinyar na da ciki ta ware sabon soso da curin sabulun salo a cikin wata kwalla ta tura ƙarƙashin gado. Yanzu sai in wuce ƙofar ɗakinta in gan ta zaune tana juya tafin hannunta tana kallo. Ranar da abin ya fi ƙona mini rai ita ce ranar da na ji tana ce wa Umma wai tana tunawa an yi ruwan sama ranar da aka haife ni, itace ya jiƙe, ruwan zafi bai wadata ba, ko a nan ne ta yi sauri. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana aikin nan ta koma tana neman laifinta a cikin ruwan saman da aka yi shekara goma sha tara da suka wuce.

Tunda an ce yanzu mulkin farar hula ne, kowa da bakinsa, sai hammatata ta zama majalisa. Umma ce ta fara gabatar da ƙuduri: humra da turaren wuta. Kowace safiya a tsugunar da ni a kan kasko a lulluɓe ni da zani har sai na yi tari, sannan a shafe ni da humrar da take ɓoyo don biki. Da safe kam ko amarya albarka. Amma kafin azahar gumi ya taso ya tarar da humra, su gaisa, su ƙulla zumunci. Warin bai tafi ba, kwalliya kawai ya yi. A bas wani dattijo da ke kusa da ni ya buɗe taga a hankali yana istigfari, kamar shi ya yi laifin.

Goggo, ƙanwar Baba, ta ce ai duk shirme ne, lemun tsami shi ne magana: a raba biyu a goga bayan wanka. Abin da ba ta faɗa ba shi ne kar a yi ranar da aka sa reza. Ni kuma ba na tsayawa tambaya. Na aske, na goga. Yadda na fito daga banɗaki hannuwa a buɗe, kai ka ce zakara ne zai yi cara. Haka na wuni ina buga takardun neman kwangila gwiwar hannu a sama, mai shagon na satar kallona, bai dai tambaya ba. Yayata da ta zo wuni daga gidanta ta kawo nata: jar kanwa da tokar murhu, a kwaɓa a shafa. Matar yayanmu ta turo da gwangwanin feshi na kanti, ta ce haka 'yan boko ke yi. Baba ne kaɗai ba a sa a kwamiti ba. Shi abin da ya dame shi shi ne me ya sa lemun tsamin shayinsa ke ƙarewa.

Gaskiya a nan akwai laifina. Kowace ta ce a ba maganinta mako guda, ni kwana biyu nake bayarwa in kore shi. Da na ga kwanaki na tafiya, cikin 'yar Hajiya na ƙara sauka, sai na yi tunanin da har yanzu nake mamakin kaina: tunda kowanne yana ɗan taɓukawa, in an haɗa su ai sai a gama da abin gaba ɗaya. Wata safiya na goga lemun tsami, na bi da kanwa da toka, na fesa na gwangwani, na rufe da humra, na zura rigar leda na tafi aiki. Kafin la'asar fata ta saɓule. Kwana huɗu ban iya sauke hannu yadda ya kamata ba, wurin ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Kuma ina nan ina warina.

A cikin kwanakin nan ne, wata la'asar ina zaune a inuwar da randa take, ina shafa man kaɗanya ina tsine wa kanwa, Iya ta ɗaga labule.

"Zo nan, uwar gaggawa. Ɗaga."

Na ɗaga. Ta riƙe hannun kamar yadda take riƙe na jarirai, ta shinshina wuyana, ta shinshina bayan kunne, ta gangaro. Ta daɗe. Sai ta sake ni ta nufi igiyar shanya, ta ciro rigata da aka wanke da safe, ta juya cikinta waje, ta kai hanci daidai hammatar. Nan take ta kawar da kai. Ta murza shafin tsakanin yatsu, yana ƙara kamar buhun taki.

"Ba jikinki ba ne," in ji ta. "Buhu kika shiga, kika ce riga ce."

Daga nan ta miƙa hannu bayan randa ta ɗauko alimun, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da muke juyawa a ruwan rijiya don laka ta kwanta. Tun ina rarrafe yake wurin. Ta ce in bari fata ta warke tukuna. In ta warke, bayan wanka in jiƙa shi in goga sau biyu ko uku, in tsaya ya bushe kafin in sa riga, in kuma Allah ya hore mini haƙurin tsayawar. Ta ce wanzamai ta gani suna goga shi bayan aski tun tana budurwa, ta gwada, kuma tun daga ranar shi take amfani da shi. Rigunan kuwa a farke shafin a zubar, ko in koma atamfa kamar 'yar mutane. Hammatar kowace riga a cuɗe ta da ruwan zafi da salo, a shanya ta a rana tsaka, ba a inuwa ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Iya, kin san wannan tun tuni, kika zuba ido ina gasa kaina?"

"Wa ya tambaye ni? Kowa na ba da magani, ni ce mai laifi." Ta mayar da rigar kan igiya, ta gyara mata zama, ba ta dube ni ba. "Kuma tsoro nake ji in shinshina ki in tarar gaskiyarsu ce."

Na karɓi dutsen na shige ɗaki.

Abin ya yi. Ba zan ƙawata shi ba: dutsen bayan randa da atamfa biyu na Umma da aka rage mini, su suka gama abin da kwamiti ya kasa. Kwana goma ina komawa gida daga wancan kwanon, in shige ɗaki in duba kaina, ba komai sai ƙanshin sabulu. Amma sai ga wata matsalar. Wari yana da masu shela, rashinsa ba shi da ko ɗaya. Ba wadda za ta je gidan kitso ta ce yau na zauna kusa da 'yar gidan Iya ban ji komai ba. Ga shi an ce ungozomar Ƙofar Ruwa har ta zo ta ga gida.

Umma ta ce in bari a hankali mutane za su lura. A hankali ba ta cikin kayana. Na zaɓi ranar da rana ta fi dukan kwano, wuta ba ta zo ba ko sau ɗaya, na taso daga aiki na wuce gidan Hajiya kai tsaye. Na same ta a falo kan sababbin kujeru da ba a cire musu leda ba, mai cikin na kwance a kan darduma. Na gaishe ta, na yi wa mai ciki sannu, sannan maimakon in zauna ƙasa sai na zauna a hannun kujerarta. Na miƙa hannu ta gabanta na gyara labulen da ba abin da ya same shi. Na sake miƙawa na ɗauko mafici. Da na ga za mu kwana a haka, sai na ce, "Hajiya, daga aiki nake, rabona da wanka tun asuba. Ki shinshina."

Ta ce a'uzubillahi, wai ni wace irin yarinya ce marar ta-ido. Amma hanci ba ya jiran izini, na ga ya riga ya yi aikinsa. Ta ɗan matso, ta sake ja da baya. Sai ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, me aka yi mini.

Na gyara zama. Na shirya bayani tun daga hanya, har da abin da aka koya mana a aji biyar game da ƙofofin gumi. Na fara da cewa Iya ce ta... Ban kai ƙarshe ba mai cikin ta ɗago daga darduma ta ce, "Sake wanke ta ta yi, ko?" Hajiya ta gyaɗa kai a hankali, ta ce ita dama ta san tsofaffin nan ba sa fito da duk abin da suka sani. Na ce ba wanka ba ne, alimun ne, da canza riga. Ta yi dariya har gyalenta na zamewa.

"Alimun na randa? Ke dai an ce kar ki faɗa. Ba komai, riƙe amana ai abu ne mai kyau."

Na rantse. Rantsuwar ma ta ƙara tabbatar mata cewa sirrin babba ne.

Ranar da 'yar ta sauka, da hantsi aka aiko gidanmu. Iya ta jawo kwallarta daga ƙarƙashin gado, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, ta bi ta tsakiyar lungu tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri. Ta canza ruwa sau uku. An ce Hajiya da kanta ta riƙe mata buta.

Da a nan abin ya tsaya da na ce alhamdulillahi na koma kan tafiretata. Amma labari ya riga ya zaga cewa Iya na cire warin ƙashi ko mutum ya girma. Sai mata suka fara sallama da rana tsaka, lokacin da lungu ba kowa, kowace da 'yarta budurwa a baya tana sunkuyar da kai. Wata ta kawo wadda saura mako biyu bikinta. Wata ta zo ita kaɗai, ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta tambaya ko ana iya yi wa maigida daga nesa. Iya ba ta taɓa cewa tana da asiri ba. Takan ce Allah ne mai gyarawa, ta sa yarinya ta shiga banɗaki da salo da soso, ta ba ta wani farin gari a ƙullin tsumma, ta ce a jiƙa a shafa bayan wanka a bari ya bushe. Sannan ta kafa sharaɗi: ban da yadi mai sheƙi, ban da shafin leda, in aka karya magani ya karye. Abin da da shawara ce ba mai ji, da ya zama sharaɗi har tela sai da ya ji a jikinsa.

Ni abin yana cina. Na same ta a ɗaki na ce wannan ai ƙaryar ce dai ta canza zani; gobe wata ungozomar za a ɗora wa laifin hammatar wani, kuma mun san ba haka ba ne. Ta saurare ni har na gama, abin da ba kowa ke iyawa ba. Sai ta ce, "Kin faɗa musu gaskiya a falon kansila, sun karɓa? To ni ban ce musu komai ba. Warin yana tafiya ko ba ya tafiya?"

Yana tafiya. Abin haushin ke nan.

A ranar ne na lura da hannunta. A bayan ƙofa take daka alimun ɗin da ɗan ƙaramin turmin yaji, kuma ƙarfinta bai kai ya yi laushi ba, sai ka ga ƙwaya-ƙwaya na ƙyalli a cikin garin. Ta ce mini jiya wata ta kwance ƙullin a gabanta, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshe, ta zuba mata ido. In mutum biyu suka yi haka, magana ta koma gidan kitso, kuma wannan karon ba za a ce ta yi sauri a wanka ba, cewa za a yi ta yaudari unguwa da dutsen randa.

Na tsaya ina kallon turmin. Ina da gaskiyata, an ba ni ita a makaranta har da jarrabawa, ta kuma ci a jikina. Ita kuma tana da lungun da ya dawo yana gaishe ta. Na karɓi taɓaryar daga hannunta na ce ta bar wannan aikin. Ranar Asabar ba na zuwa shago, zan shiga kasuwar Kurmi, can cikin rumfunan da ba mai sanina, in sayo alimun da kanumfari da rariya mai ƙananan ido. Ni zan riƙa dakawa in tankaɗe har ya koma kamar hoda, in sa kanumfarin ya ɓatar da ɗanɗanon. Duk wadda ta tare ni a hanya ta tambayi abin da ke cikin ƙullin, zan ce ta je ta tambayi Iya.